Lahani biyu, mafitar ƙwai da yawa: a ina saƙon sel da kuromatin ke haɗuwa a tsutsar C. elegans?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga tambaya ga masu aiki a kan tsutsar Caenorhabditis elegans. Idan aka lalata ƙwayar gadon lin-15A kaɗai, tsutsa takan girma da mafitar ƙwai guda ɗaya lafiya lau. Idan aka lalata lin-35 kaɗai, haka nan. Amma in aka haɗa lahanin biyu a jiki ɗaya, sai ƙulle-ƙulle su fito mata a ciki, sel-sel ɗin da bai kamata su zama mafita ba sun zama. To lin-35 dangin Rb ne, furotin mai danne ƙwayoyin gado, aikinsa a kan kuromatin yake, wato DNA da furotin ɗin histon da yake naɗe a kansu, a cibiyar sel. Zaɓen wanda zai zama mafita kuwa saƙon LIN-3 ne da ke zuwa daga waje. A ina waɗannan biyun suke haɗuwa? Ni a ganina LIN-35 yana zaune ne a cikin sel-sel ɗin P, waɗanda mafita ke fitowa daga cikinsu, yana toshe ƙwayoyin gadon da Ras ke son kunnawa.

Dakta Rukayya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a taɓa lin-35, a fara shimfiɗa yadda abin yake a tsutsa mai lafiya, don kowa ya bi mu.

A matakin L3, na uku cikin matakan girma huɗu (L1 zuwa L4) kafin tsutsa ta balaga, akwai sel shida jere a gefen ciki, daga P3.p zuwa P8.p. Kowanensu zai iya zama mafita. Sel ɗin anka, wanda ke cikin mahaifa daidai saman P6.p, shi ke fitar da LIN-3, ɗan gidan EGF. Makarɓinsa LET-23 ne, kuma dole ya zauna a fuskar sel da ke kallon mahaifa. LIN-2 da LIN-7 da LIN-10 ne ke riƙe shi a nan. Shi ya sa let-23(sy1), wanda wutsiyar da suke kamawa kawai ya rasa, ba ya yin mafita duk da makarɓin na nan da ransa. Daga LET-23 saƙon ya bi ta SEM-5, SOS-1, LET-60 wato Ras, LIN-45, MEK-2, ya sauka kan MPK-1. Shi kuma MPK-1 ya liƙa wa LIN-1 da LIN-31 fosfet, haɗin da ke tsakaninsu ya rabu, ƙwayoyin gadon makoma ta ɗaya, wato ta P6.p, su kunnu.

P6.p da ya sha saƙon fiye da kowa sai ya yi abu biyu: ya janye nasa makarɓin LIN-12 daga fatarsa, sannan ya fitar da LAG-2, APX-1 da DSL-1 zuwa ga maƙwabtansa. A cikin P5.p da P7.p LIN-12 ya tsinke, guntun ciki ya shiga cibiya ya haɗu da LAG-1, ya kunna irin su lip-1 da ark-1, waɗanda ke kashe ɗan abin da ya rage na saƙon Ras a can. Sakamako: P6.p ya ba da sel 8, P5.p da P7.p kowanne 7, jimla 22. Sauran sun rabu sau ɗaya su narke cikin hyp7, babbar fatar da ke lulluɓe jiki.

Malam Nasiru:
Wannan duk na yarda, Dakta. Shi ya sa nake cewa a ƙarshen layin nan, wajen LIN-1, ya kamata a nemi LIN-35.

Dakta Kabiru:
Malam Nasiru, fahimtar da ka kawo ita ce aka daɗe ana riƙe da ita, kuma ba abin raini ba ce. Ferguson da Horvitz ne suka fayyace rukunin A (irin lin-15A) da rukunin B (irin lin-35) a 1989, inda sai an haɗa lahani ɗaya daga kowane rukuni ake samun mafita da yawa, kuma da aka gano a 1998 cewa lin-35 dangin Rb ne, mutane da yawa sun ɗauka a cikin sel-sel ɗin P yake ja da Ras. Amma gwaje-gwaje uku sun karkatar da maganar.

Tun 1990 Herman da Hedgecock suka duba tsutsotsin da wasu sel-sel ɗinsu ke ɗauke da lin-15 mai lafiya wasu babu, suka ga ba a cikin sel-sel ɗin P ake buƙatarsa ba, alama ta nuna fata. A 2005 Myers da Greenwald suka mayar da lin-35 ƙarƙashin furomota biyu daban, wato sassan DNA masu zaɓar inda ƙwayar gado za ta kunnu. Da aka kunna shi a hyp7 ta hanyar dpy-7, tsutsa ta warke. Da aka kunna shi a sel-sel ɗin P ta hanyar lin-31, ba ta warke ba. A 2006 kuma Cui da abokan aikinsa suka nuna abin da ke faruwa a hyp7 ɗin: lin-3 ne ke kunnuwa a inda ba wurinsa ba. Suka rage lin-3 da RNAi, hanyar kashe saƙon ƙwayar gado da RNA, ƙulle-ƙullen suka ɓace.

Ke nan kuromatin a nan bai shiga zaɓen makomar sel ba. Aikinsa shi ne ya hana fata furta saƙon da sel ɗin anka kaɗai ke da izinin furtawa. Ƙofa ce mai kwaɗo biyu, rukunin A ɗaya, rukunin B ɗaya. In ka ɓalle ɗaya, ƙofar na nan a rufe.

Malama Bilkisu:
In ƙara kan abin da Dakta Kabiru ya faɗa. Akwai hanyar tabbatar da wannan ba tare da kayan aiki masu tsada ba, da jeranta lahani kawai. Tsutsa mai lahanin lin-15, wato lin-15A da lin-15B duka, tana yin mafita da yawa ko da an kashe mahaifarta da hasken leza tun tana L1, wato ba ta jiran sel ɗin anka. Amma in ka haɗa ta da lahanin let-23 mai ƙarfi, ƙulle-ƙullen ba sa fitowa. Kwatanta da lin-1: wanda ya rasa lin-1 yana yin mafita da yawa ko babu let-23, ko babu let-60. Da a ce lin-15 a ƙarshen layi yake kamar lin-1, da bai damu da rashin makarɓi ba. Tunda ya damu, a saman makarɓin yake.

Sai aikin Saffer da abokansa na 2011, inda suka ƙirga ɗaiɗaikun RNA na lin-3 a jikin tsutsa. Abin da ya fito a wurin da bai dace ba ɗan kaɗan ne ƙwarai in an kwatanta da na sel ɗin anka, amma ya wadatar. Sun kuma sami wani lahani, n4441, a furomotar lin-3 kanta, wanda ke yin halin rukunin A. Ni wannan ce hujjar da ta fi gamsar da ni, domin ta nuna wurin da ɗaya kwaɗon ke maƙale.

Malam Idi:
Ina da ja kaɗan. Kada mu wuce gona da iri mu ce kuromatin ba shi da hannu a cikin sel-sel ɗin P. LIN-1 kafin MPK-1 ya taɓa shi mai dannewa ne, kuma ba da ƙarfinsa kaɗai yake dannewa ba. An nuna a 2005 cewa ana liƙa masa SUMO, wannan kuma ke sa ya kama MEP-1, abokin LET-418 a cikin rukunin NuRD mai cire asetil daga histon. Sannan ga lin-39, ƙwayar gadon Hox: in babu ita sel-sel ɗin P sukan narke cikin hyp7 tun kafin saƙo ya iso, domin babu mai hana eff-1, mai narkar da sel cikin juna, aiki. Saƙon Wnt ta hanyar BAR-1 ne ke riƙe lin-39 a kunne, Ras kuma ya ƙara mata ƙarfi a P6.p. Don haka tunanin Malam Nasiru na da wurin zama, sai dai ba a kan lin-35 ba.

Dakta Kabiru:
Na amince, Malam Idi. Abin da nake gudu shi ne a zuba dukkan rukunin B a tukunya ɗaya. Suna ne da aka ba su saboda kamannin da suke haifarwa, ba don aikinsu ɗaya ba. Takwas daga cikinsu rukuni ɗaya suke, DREAM: LIN-35, EFL-1, DPL-1, LIN-9, LIN-37, LIN-52, LIN-53, LIN-54. MET-2 daban yake, shi ke ɗora metil ɗaya ko biyu a kan H3K9. HPL-2 da LIN-61 masu karanta alamar da ke kan histon ne. LIN-15B ya fi kusa da DNA kai tsaye. Ga kuma rukunin C, irin su trr-1 da mys-1, waɗanda ma ɗora asetil suke yi. Duk wanda ya gwada ɗaya ya yanke hukunci a kan sauran zai yi kuskure.

Malam Nasiru:
To madalla. Yanzu in mutum na son gwada wata sabuwar ƙwayar gado ya ga ko tana cikin rukunin B, yaya zai tsara aikin?

Dakta Rukayya:
Hanya mafi sauƙi ita ce RNAi ta ciyarwa a kan tsutsa mai lahanin rukunin A kaɗai, misali lin-15A(n767) ko lin-8. Farantin NGM mai IPTG milimola 1 da maganin karbenisilin, ƙwayoyin cutar HT115, wato bakteriyar da tsutsa za ta ci, masu ɗauke da guntun da ake so, da fankon L4440 a matsayin ma'aunin kwatance. A kuma sa lin-15B ko lin-35 a wani faranti don a tabbatar RNAi na aiki a ranar. A ɗora iyaye suna L4, a ƙirga 'ya'yansu. Dalili kuwa uwa tana zuba furotin da RNA na yawancin waɗannan a cikin ƙwai. In ka fara ciyarwa daga L1, abin da uwar ta bari zai iya kai tsutsar ta wuce L3 lafiya, ka ce babu komai alhali akwai.

Akasin haka na faruwa da lin-53, hda-1 da let-418. In ka ciyar da uwa, tayin ya mutu ko tsutsar ta tsaya tun tana ƙarama, babu abin ƙirgawa. Irin waɗannan sai a fara daga L1, ko a surka ƙwayoyin cutar da na fanko, ko a koma ga oksin: a liƙa wa furotin alamar rushewa da CRISPR, a kunna TIR1, mai rushe furotin ɗin in akwai oksin, a hyp7 kaɗai ko a sel-sel ɗin P kaɗai, a zuba oksin milimola 1 a faranti a lokacin da ake so.

Zafi kuma babban al'amari ne. Wannan kamanni yana ƙaruwa da zafi. lin-15(n765) a digiri 15 galibi lafiya take, a digiri 25 kuwa kusan duk mafita da yawa. Digiri ɗaya ko biyu na iya sauya adadin da za ka samu, saboda haka a ajiye ma'aunin zafi a cikin na'urar, kusa da farantan, kada a dogara da lambar da ke jikin ƙofa. Farantan da ake kwatantawa su zauna a shiryayye ɗaya.

Malama Bilkisu:
Kan ƙirga kuma, kada a tsaya ga duba manya a ƙaramin madubi ana lissafa ƙulli. Ƙulli na iya fitowa saboda mafitar asali ta turo waje, ko P7.p ya juya baya saboda lahanin lin-17 ko lin-18, wanda matsalar Wnt ce ba ta LIN-3 ba. A ɗauki tsutsotsi suna tsakiyar L4, a kwantar da su a kan shimfiɗar agaros kashi 2 cikin ɗari da lebamisol, a duba da madubin Nomarski. Kowane sel na P da ya ba da zuriyar mafita a ba shi maki 1, in rabinsa ne kawai ya bi a ba shi 0.5. Mai lafiya 3.0 take bayarwa, iyaka kuma 6. A lura da P3.p: a kusan rabin tsutsotsi masu lafiya yakan narke tun a L2 ba tare da ya rabu ba, don haka rashinsa ba lahani ba ne.

Wajen daidaita shekaru, a narkar da iyaye da bilic da sodiyom haidroksaid minti 4 zuwa 6, a wanke ƙwai da M9 aƙalla sau uku, a bar su su ƙyanƙyashe cikin dare babu abinci. A digiri 20 tsakiyar L4 na zuwa tsakanin awa 40 da 48 bayan ciyarwa. Amma masu lahanin lin-35 da hpl-2 sukan yi jinkiri. A bi siffar mahaifa da buɗewar ramin mafita, kada a bi agogo.

Malam Idi:
Akwai tarko biyu da ba a ambata ba, kuma dukansu daga rukunin B suke. Na farko, tsutsa mai lahanin lin-35 ko lin-15B tana amsa RNAi fiye da N2, tsutsa mai lafiya da ake kwatance da ita. In ka ga RNAi ya yi tasiri a lin-35 bai yi a N2 ba, kada ka yi saurin cewa ka gano hulɗa tsakanin ƙwayoyin gado biyu. Mai yiwuwa ragewar ce kawai ta fi zurfi. Sai an maimaita da lahani na gaske a DNA.

Na biyu ya shafi alamar GFP, furotin mai koren haske. Yawancin tsoffin alamomi, irin na egl-17 don makoma ta ɗaya da lip-1 don ta biyu, wato ta P5.p da P7.p, a kan dogon jerin kwafi masu maimaituwa suke. Sel yakan ɗauki irin wannan jeri a matsayin kuromatin da ya kamata a danne, ya lulluɓe shi da metil a H3K9 da H3K27. A masu lahanin lin-35 irin wannan jeri yakan dusashe a jiki, a met-2 da set-25 kuma ya saki. Haskensa na gaya maka halin jerin ne, ba halin ƙwayar gadon asali ba. In kuromatin kake nazari, kwafi ɗaya tak za ka sa, ko ka liƙa alamar a mazaunin asali.

Malam Nasiru:
Ba za a iya yanke duk wannan gardama da ChIP, hanyar gano abin da ke maƙale a kan DNA, ba? A duba alamomin histon a furomotar lin-3 a N2 da kuma mai lahani biyu, shi ke nan.

Farfesa Lawal:
Malam Nasiru, ana iya yi, amma ka san abin da zai iya nuna maka da abin da ba zai iya ba. Tsutsa mai jinsi biyu tana da cibiyoyin sel 959 a jiki in ta balaga, ban da na iri, wato masu zama ƙwai da maniyyi, waɗanda a babba sun fi na jikin yawa. hyp7 shi kaɗai yana kaiwa cibiya 139. Hanji kuma DNA ɗinsa yana ninkuwa har sau 32. In ka niƙa tsutsa gaba ɗaya, muryar hanji da fata da iri za ka ji. Don tambayar hyp7 wannan na iya wucewa. Don tambayar abin da ke faruwa a P6.p, sel guda, babu abin da za ka gani.

In za a yi, a yi amfani da L3 ko ƙasa da haka, ko a cire iri da glp-1 ko glp-4 masu jin zafi a digiri 25, tare da sanin cewa zafin kansa yana taɓa abin da ake aunawa. Ɓawon tsutsa yana hana fomaldihaid shiga, shi ya sa ake daskarar da su a ruwan naitirojin a niƙa kafin a ɗaure da fomaldihaid kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. A farfasa DNA zuwa tsawon harafi 200 zuwa 500. A gwada maganin gano H3K9me2 a kan tsutsar met-2 set-25, wadda ba ta da wannan alama: in ya ba da sigina a nan, ba abin dogaro ba ne. A kuma tuna tsutsar nan ba ta da tsarin ɗora metil a kan sitosin irin na dabbobi masu shayarwa, kuma H3K9 mai metil ya fi taruwa a hannayen kuromosom, ba a tsakiya ba.

Amma ina so in faɗaɗa maganar, domin kun nuna hanya ɗaya ce kawai, inda kuromatin ke tsare saƙo. Akwai inda saƙo ne ke rubuta kuromatin, kuma misali mafi kyau jijiyoyin ɗanɗano ASEL da ASER ne. Siffarsu ɗaya, wurinsu ɗaya hagu da dama, dukansu na da CHE-1, furotin mai kunna ƙwayoyin gadonsu. Amma ASEL na amsa ƙaruwar gishiri, ASER na amsa raguwarsa. Bambancin ya faro tun tayi yana sel huɗu, cikinsu har da P2, ABa da ABp. P2 yana taɓa ABp, ya aika masa APX-1 ta makarɓin GLP-1, ABa kuma bai taɓa P2 ba. A zuriyar ABp saƙon ya hana tbx-37 da tbx-38 kunnuwa. A zuriyar ABa sun kunnu na ɗan lokaci, suka sassauta kuromatin da ke kan lsy-6, wata ƙaramar RNA, sannan suka ɓace. Bayan rabuwa da dama aka haifi jijiyoyin biyu, CHE-1 ya zo a duka. A ASEL, jikan ABa, ya tarar da lsy-6 a buɗe ya kunna ta, ita kuma ta danne cog-1. A ASER ya tarar da ita a dunƙule, bai iya komai ba. Cochella da Hobert ne suka nuna wannan a 2012, kuma da madubi suka ga sassautawar a cikin ɗaiɗaikun cibiyoyi, ba da ChIP ba.

Dakta Rukayya:
Ranka ya daɗe, wannan misali ya dace da abin da ake gani a farkon tayi gaba ɗaya. In aka tilasta HLH-1, mai kunna ƙwayoyin gadon tsoka, da wuri, kusan dukkan sel-sel sukan koma tsoka. In aka jinkirta zuwa bayan shigar sel-sel ciki, ba sa amsawa. A tayin da ya rasa mes-2, wato ya rasa mai ɗora metil a H3K27, wannan ƙofa takan daɗe a buɗe. A iri ma haka: CHE-1 ba ya iya mayar da sel ɗin iri jijiya sai an cire lin-53 ko PRC2, rukunin da MES-2 ke ciki, kamar yadda Tursun da abokansa suka fara nunawa a 2011, daga baya kuma aka ga ƙara ƙarfin GLP-1 yana sauƙaƙa juyawar.

Dakta Kabiru:
Ga wani abu da zai amfani Malam Nasiru kai tsaye. Babban aikin DREAM da LIN-15B a jiki shi ne danne ƙwayoyin gadon iri. A masu lahaninsu za ka ga PGL-1, furotin ɗin da ya kamata ya tsaya a iri, yana fitowa a hanji da fata. In aka rene su a digiri 26 sukan tsaya a L1 ba su ci gaba ba, kamar yadda Petrella da abokan aikinta suka bayyana a 2011. Cire mes-4, mai ɗora metil a H3K36, yana warkar da wannan tsayawa, yana kuma rage mafita da yawa. Amma ba dukkan rukunin B ke tsayawa a 26 ba. Saboda haka gwaji ne mai arha da zai raba maka sabuwar ƙwayar gadonka: ta yi halin DREAM ko ta yi wani hali daban.

Malam Nasiru:
Na gode ƙwarai, malamaina. In sabuwar ta ba da mafita da yawa a kan lin-15A, mene ne mataki na gaba kafin a ce lin-3 ce sila?

Malama Bilkisu:
A gwada ta ita kaɗai a N2 da kuma a kan lin-15B, a tabbatar maki bai wuce 3.0 ba a duka biyun. In ya wuce a N2, ba ta cikin wannan rukuni, tana iya zama mai danne Ras kai tsaye. Sannan a haɗa da let-23 mai rauni a ga ko ƙulle-ƙullen sun ɓace. Kada a yi amfani da lin-3(e1417) don wannan gwaji: lahaninsa a mashigin da ke kunna lin-3 a sel ɗin anka kaɗai yake, bai taɓa abin da ke fitowa daga hyp7 ba, don haka ƙulle-ƙullen za su iya zama yadda suke ka ɗauka lin-3 ba ta da hannu. A rage lin-3 a hyp7 kanta, sannan a ƙirga RNA ɗinta da FISH, rinin da ke nuna kowace RNA a matsayin ɗigo, a ƙarshen L2 zuwa farkon L3, kafin sel-sel ɗin P su fara rabuwa. Ɗigon da ke cikin sel ɗin anka shi ne shaidar cewa rinin ya kama, wanda za a ƙirga kuwa shi ne na wajensa.